Babi na Shida: Tayar Gama-gari da Tayar Taɓo a Hanyoyin Ƙasar Matazu

Ƙaramar hukumar Matazu tana zaune ne a wani yanki na Jihar Katsina inda ƙasa take sauya hali sannu a hankali, domin wanda ya nufi arewa wajen Kankiya da Charanci zai ga rairayi yana ƙaruwa, wanda kuwa ya gangara kudu ta Musawa zuwa Malumfashi da Bakori da Funtuwa zai iske ƙasar tana ƙara nauyi da danƙo, ruwan sama ma yana ƙara yawa, har yakan kai milimita 1,000 ko fiye a shekara a wajajen Funtuwa. Saboda haka motar da ta tashi daga garin Matazu da safe za ta kai taki gona wajen Sayaya ko Mazoji ko Karaduwa tana iya taka kwalta da burji da jigawa da laka duk kafin azahar, kuma tayoyi huɗun da ke ƙarƙashinta su ne za su ratsa wannan duka ba tare da an canza ko ɗaya ba. Mai mota a nan ba don shaƙatawa yake sauka daga kwalta ba, kamar yadda da yawa daga masu sayen irin waɗannan tayoyi suke yi a Amurka da Ostareliya. Hanyar gonarsa ke nan, hanyar kasuwarsa ke nan, kuma ta nan ake bi da mai naƙuda zuwa asibiti.

Hanyoyin karkarar wannan yanki suna da tarihinsu. Shirin raya aikin gona na Funtuwa, wanda aka soma a 1975 da rancen Bankin Duniya tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, ya shimfiɗa hanyoyin burji da dama don fito da masara da auduga daga ƙauyuka, sannan hukumar DFRRI da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa a 1986 ta ƙara wasu a faɗin ƙasar. Burji jar ƙasa ce mai tsakuwa da ake haƙowa daga marmara, a shimfiɗa ta a daddanne, kuma tana da kyau matuƙar ana gyara ta bayan kowace damina. Idan aka bar ta, ruwa yakan wanke mai laushin ya bar tsakuwa tsirara, kwalbati ya karye, rani kuma ya zo ya mai da hanyar gargada. A kan irin wannan hanya ce, da turbobin shanu da babura da suke rassa daga gare ta, ake yanke hukuncin wace taya ta dace.

Masu ƙera taya sun raba na manyan motoci irin su Hilux da Land Cruiser gida uku, kuma sukan rubuta alamar kowane gida a gefen tayar. Haruffan H/T suna nufin tayar kwalta, wadda da ita yawancin sababbin motoci suke zuwa. A/T ita ce tayar gama-gari, wadda aka yi don ta raba aikinta tsakanin kwalta da ƙasa, M/T kuwa tayar taɓo ce. Kamfanin BFGoodrich na Amurka, wanda yanzu yake ƙarƙashin Michelin na Faransa, ya fito da shahararriyar tayarsa ta gama-gari a 1976, ya biyo ta da ta taɓo a 1980. Bambancin yana cikin zanen taya, wato tsarin haƙoran roba da suke taɓa ƙasa da ramukan da ke tsakaninsu. Haƙoran tayar gama-gari matsakaita ne, suna kusa da juna, kuma jikin kowanne yana da ƙananan tsagogi siraran gaske da suke taimaka masa kama jiƙaƙƙiyar kwalta. Na tayar taɓo manya ne, dogaye, a warwatse, ramukan da ke tsakaninsu masu faɗi da zurfi, kuma sukan gangaro har gefen tayar don su ciji bangon sawun da wata motar ta bari.

Dalilin wannan faɗin rami yana bayyana ne da zarar mota ta shiga laka. Duk manomin da ya taɓa ratsa fadama a watan Agusta ya san yadda laka take liƙe wa takalmi har ƙasansa ya zama sumul ya daina kama komai, to haka take yi wa taya. Idan ramukan sun cika, haƙoran sun nutse ke nan a cikin lakar da suka ɗauko, sai ya zama laka ce take gugar laka, tayar tana juyawa motar tana tsaye. Tayar gama-gari takan cika da wuri saboda ƙanƙantar ramukanta, kuma ba ta iya fitar da abin da ya shiga. Tayar taɓo kuwa, da yake ramukanta a buɗe suke zuwa waje, ƙarfin juyawa yana watsar da lakar a kowane zagaye, haƙoran su dawo ƙasa a tsabtace su sake cizo. Wannan fa'ida ce ta gaske wadda ba a musu a kanta, kuma a cikin baƙar lakar fadama ratar da ke tsakanin tayoyin biyu ita ce ratar da ke tsakanin wucewa da kwana a daji.

Sai dai taɓo ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne masu saye da yawa suke kuskure. Akwai santsin da ke kwanciya a saman burji ko jangargari bayan an yi ruwa, wanda kaurinsa bai wuce yatsa biyu ko uku ba kuma ƙarƙashinsa ƙasa ce mai tauri. Wannan shi ne mafi yawan abin da direban yankin Matazu yake gamuwa da shi a damina, kuma sabuwar tayar gama-gari mai zurfin zane tana keta shi ta isa ga taurin, muddin aka sa giyar ƙafa huɗu aka tafi a natse. Akwai kuma taɓo mai zurfi na fadama da bakin rafi, wanda ba shi da gindi kusa, inda tayar taɓo take nuna kanta. Amma ita ma tana da iyaka, domin da zarar ƙafafun sun nutse har cikin motar ya zauna a ƙasa, musamman kumburin aksal na baya wanda shi ne ya fi kowane sashe kusa da ƙasa, nauyin motar ya bar kan tayoyin ke nan, kuma babu zanen da zai fitar da ita sai shebur da katako da igiya, ko tarakta, ko matasan ƙauyen da ke kusa. Direban da ya dogara da manyan haƙora yakan kutsa inda mai tayar gama-gari zai tsaya ya sauka ya gwada zurfin da sanda, don haka idan ya kafe yakan kafe a wuri mafi nisa kuma mafi wahalar ceto.

A rairayi kuwa lamarin juyewa yake yi. Kogin Karaduwa, wanda ruwansa yake zuba a madatsar Zobe ta Dutsinma, da ƙoramun da suke shiga cikinsa, da rani yashi ne zalla a wurare da yawa, kuma motoci suna ratsa su a mashigai inda babu gada. Abin da ake so a yashi shi ne taya ta hau samansa ta danne shi, ta shimfiɗa nauyin mota a fili mai faɗi. Haƙoran tayar taɓo haƙa suke yi, ga su da ƙarfin watsa abin da suka haƙo, saboda haka idan direba ya ƙara wuta kaɗan fiye da kima sai motar ta binne kanta cikin 'yan daƙiƙoƙi. Tayar gama-gari da aka rage wa iska ta fi sauƙin sarrafawa a nan ƙwarai.

Farashin tayar taɓo ba a shago kaɗai ake biyansa ba. A kan kwalta, ƙarancin robar da ke taɓa hanya da rashin waɗancan ƙananan tsagogi suna sa birki ya ɗauki tazara mai tsawo kafin mota ta tsaya idan an yi ruwa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a titin da ya taso daga Funtuwa ta Bakori da Malumfashi da Dayi zuwa Yashe, inda tireloli da babura da dabbobi suke raba hanya ɗaya. Tayar tana ƙugi wanda yake ƙaruwa da gudu, kuma ƙugin yakan ɓoye ƙarar da ya kamata direba ya ji idan wani abu ya soma lalacewa a ƙafar mota. Haƙoranta suna lanƙwasawa a duk lokacin da suka taɓa ƙasa mai tauri, sai su ci ba daidai ba, su kuma tara zafi, shi ya sa yawancin tayoyin taɓo suke ɗauke da harafin Q, wanda yake nufin iyakar gudun kilomita 160 a awa, alhali tayoyin gama-gari da yawa suna da S ko T, wato 180 ko 190. Babu mai buƙatar wannan gudu a hanyoyin yankin, amma harafin yana nuna yawan zafin da tayar take iya jurewa, kuma a bazara, lokacin da zafin iska yake haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, kwalta ta fi haka zafi nesa ba kusa ba. Ga nauyi da turjiya da suke ƙara shan mai, abin da ya zama babban lissafi tun 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin fetur kuɗinsa ya ninka fiye da sau biyu cikin kwanaki.

Hujja mafi ƙarfi a wannan zaɓi tana cikin kalandar noma. Ruwa yakan sauka sosai daga ƙarshen Mayu ko Yuni, amma ƙasa ba ta ƙoshi har ta zama taɓo mai kafe mota sai tsakiyar Yuli zuwa Satumba, musamman lokacin marka a Agusta. Taki da iri yawanci an riga an kai su gona kafin nan, ko ana cikin kai na ƙarshe. Babbar jigila, wato fito da masara da dawa da waken suya da auduga zuwa kasuwannin Malumfashi da Bakori da Funtuwa da Dandume, ko wucewa da su Dawanau a Kano, sai kaka take kankama, daga Oktoba zuwa Janairu, lokacin da ƙasa ta riga ta bushe. Ke nan watannin da mota take ɗaukar kaya mafi nauyi kuma take cin hanya mafi tsawo ba su ne watannin taɓo ba. Wanda ya sa tayar taɓo duk shekara yana biyan kuɗin mai da saurin suɗewa da raunin birki na wata tara ko goma don amfanin wata biyu ko uku, kuma abin da ya fi zama asara shi ne, kafin marka ta zagayo kwalta da burji sun riga sun cinye kaifin haƙoran da aka saye tayar dominsu. Tayar taɓo da ta ci rabi ba ta fi sabuwar tayar gama-gari da wani abin kirki ba a cikin laka.

Akwai abu guda da tayar taɓo ta fi da shi wanda ba ya jiran damina, shi ne ƙarfin gefe. Abokan gaban taya da kaka da rani su ne tushiyar karan dawa da masara da aka sare a karkace, da kututturen da ciyawa ta rufe, da ƙayar aduwa da bagaruwa da farar ƙaya, da busasshen sawun damina wanda bakinsa yake yankar roba, kuma yawancin waɗannan gefen taya suke nema, inda robar ta fi siranta kuma babu wayar ƙarfe. Hujin da ya samu fuskar taya mai faci yana toshe shi ya zauna lafiya, amma yankan gefe ba ya gyaruwa gyaran da za a amince da shi, ko da an ɗinke an sa tif a ciki kamar yadda ake yawan yi, domin gefen yana lanƙwasawa a kowane zagaye kuma zaren da ya tsinke ba ya komawa. Tayoyin taɓo da yawa suna da zare hawa uku a gefe inda na kwalta suke da biyu. To amma wannan ƙarfi ba a zanen yake ba, a ginin tayar yake, kuma ana samun sa a tayar gama-gari idan an san abin da za a duba.

Abin dubawar yana rubuce a jikin tayar. A misali 265/65 R17, wanda Hilux da yawa suke amfani da shi, 265 faɗin tayar ne a milimita, 65 yana nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin, R tana nuna zaren ciki a gicciye yake daga baki zuwa baki bisa tsarin da Michelin ya yi wa rajista a 1946, 17 kuma faɗin wili ne a inci. Idan aka ga LT a gaban lambobin, ko C a bayansu kamar a 205 R16C, tayar ta ɗaukar kaya ce, an gina ta da ƙarfi fiye da ta motar shiga. Lambar da ke biye, gab da harafin gudu, ita ce ta nauyi: 112 tana nufin kilo 1,120 a kan taya ɗaya, 121 kuma kilo 1,450. A-kori-kura irin Hilux an yi ta ne don kaya kusan tan ɗaya, wato buhun masara goma masu kilo 100, amma kowa ya san da kaka ana ɗora mata fiye da haka, har da mutane a saman buhunan, kuma kusan duk ƙarin a kan tayoyin baya biyu yake sauka. Ga mai irin wannan aiki, lambar nauyi ta fi siffar haƙora muhimmanci, kuma wili mai inci 16 ko 17 da doguwar roba a gefe ya fi mai inci 18 ko 20 da gajeriyar roba dacewa da gargada.

Duk da haka akwai waɗanda tayar taɓo ta zama musu dole, kuma bai kamata a raina buƙatarsu ba. Motar da ke kai allurar rigakafi ko ɗauko marar lafiya daga ƙauyen da ke bayan fadama ba ta da zaɓin jiran hanya ta sha iska, haka ma mai babbar gonar shinkafa ko rake da aikinsa yake cikin laka duk damina. Matsalar tsaro da ta addabi wannan yanki a 'yan shekarun nan ta ƙara wa lissafin nauyi, domin kafewa a daji da yamma ta wuce batun ɓata lokaci. Ga irin waɗannan, hanya mafi dacewa ita ce a tanadi tayoyin taɓo a kan wilinsu daban, a ɗaura su daga Yuli zuwa Satumba, sannan a sauke a ajiye a inuwa, nesa da rana da mai da janareta, har wata damina. Kuɗin farko yana da yawa, amma kowane jeri yana hutawa yayin da ɗayan yake aiki. Akwai kuma sabon rukuni mai alamar R/T, wanda tsakiyarsa ta gama-gari ce bakinsa na taɓo. Wani abin lura da ba a cika faɗa ba shi ne, motar da ke murza manyan haƙora a jiƙaƙƙiyar hanya tana barin ramukan da mai babur da mai amalanken shanu za su yi fama da su har bayan kaka, kuma su ne mafi yawan masu bin hanyar.

Dabarar da wasu suke yi ta sa tayar taɓo biyu a baya da na gama-gari biyu a gaba ba ta da kyau ga mota mai jan ƙafa huɗu. Idan aka sa giyar ƙafa huɗu ta H4 ko L4 a irin su Hilux, gaba da baya suna ɗaurewa su juya tare, kuma ko da lambobin jikin tayoyin iri ɗaya ne, zurfin zane yana sa kewayensu ya bambanta, sai ƙarfen giyar ya riƙa ɗaukar tursasawar. A kan jiƙaƙƙiyar kwalta kuma bayan motar ne zai fara zamewa idan aka taka birki a kwana. Safayar ma ya kamata ta zama irin sauran.

Iska kuwa tana sauya halin taya fiye da yadda yawancin direbobi suke zato. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, kuma ga irin waɗannan motoci yakan kasance wajen 30 zuwa 36 a geji gwargwadon kaya, amma masu faci da yawa sukan dura 50 ko fiye saboda suna bin lambar da ke jikin tayar, alhali ita iyakar ƙarshe take nunawa. Tayar da ta sha iska fiye da kima tana tsalle a gargada, tana cin tsakiyarta, tsakuwa tana saurin huda ta, kuma a yashi ko laka tana nutsewa. Idan aka rage iskar zuwa wajen 18 ko 20 a mashigin yashi, sawun tayar yana ƙara tsawo motar ta haye cikin sauƙi, a laka kuma lanƙwasawar robar tana taimakawa wajen kakkaɓe abin da ya liƙe. Sharaɗin shi ne a tafi a hankali, a kula da kututture tunda gefen ya bultso, kuma a mai da iskar kafin a hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin kaya da gudu ita ce take zafi har ta fashe. Ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota da geji na hannu ba su kai kuɗin taya ɗaya ba.

Saura batun kasuwa. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, tayoyin manyan motoci daga waje ake shigo da su, kuma faɗuwar darajar naira ta tura mutane da yawa ga na hannu, waɗanda ake kira Beljiyam, duk da cewa suna cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigo da su. Haɗarin ya fi yawa a tayar taɓo, domin zurfin haƙoranta yana sa ta yi kama da sabuwa ko da robarta ta tsufa ta bushe, kuma mai saye a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna yakan duba zane ya manta da shekaru. Shekarun suna rubuce a ƙarshen layin da ya fara da DOT, lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, don haka 2319 tana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin a daina amfani da taya bayan shekara huɗu da ƙera ta, Michelin kuwa yana cewa a riƙa duba ta kowace shekara bayan ta yi biyar, kada kuma ta wuce goma ko da zanenta bai ci ba. A yankin da rana take dukan roba kusan duk shekara, ga kaya fiye da ƙa'ida, adadin hukumar ya fi kusa da abin da ya dace. Kafin a biya kuɗi ana so a juya tayar a duba cikinta da fitila don neman tsohon faci a gefe, a shafa da hannu ko akwai kumburi, a kuma buɗa tsakanin haƙoran a ga ko gindinsu ya soma tsattsagewa.